Ranar da Aka Kasa Dukan Ƙwallon Joel

Zuwa ga matata, Maman Gabriel,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafarki? Yaya yara da mutanen coci a Dabai? Ni lafiya nake a Japan. Shinkafarsu ba gishiri ba yaji, kuma in jikanmu Joel ya fita ba ni da wanda zan ce wa sannu, amma ba komai.

Jiya na kalli wasan nan nasu na besbol, wanda wani ke jefa ƙwallo wani ya doke shi da kulki. Fili ne kore shar kamar fadama da damina. Joel ya hau ɗan tudu cikin fararen kaya, na ji kamar mafarki nake. Dama ya ce daga wannan wasa za a san ko masu ƙungiyar za su ɗauke shi aiki ko su sallame shi.

Ya jefa ƙwallo, mai kulki ya kai duka, ya sami iska. Na biyu ma haka, na uku haka. Na ce a raina yaron nan ya kasa miƙa wa mutane ƙwallo daidai. Na sunkuyar da kai ina roƙon Allah ko ɗaya su doka. Ashe hana su dukan shi ne aikinsa! Na gode wa Allah da bai amsa addu'ata ba.

Sun ɗauke shi, Maman Gabriel! Tun jiya bakina ya ƙi rufuwa.

Gonar gindin dutse da nake ajiye masa, ki ba ɗanmu Gabriel ya shuka dawa, don Joel ba zai dawo mata ba. Amma kada ya sare tsamiyar, ko wata rana Joel zai so inuwa.

Allah ya haɗa fuskokinmu lafiya.

Mijinki,
Haggai