Gidan Rabilu a Unguwar Jan Fenti

Zuwa ga ƙanena Yacouba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali a Aljeriya, Allah ya ƙara kariya. Mu nan Guci lafiya lau. An gama yankan gero, tsohuwarmu Tata ma ƙafarta ta yi sauƙi har tana zuwa kasuwa.

Yacouba, da kunya nake rubuta maka wannan takarda, don bakina ya kasa faɗa a waya. Bara ka gaya mini aikinku shi ne auna unguwannin birninku, ku gano inda girgizar ƙasa za ta fi ɓarna. Ka ce gidan da ɗana Rabilu ya sauka wurin 'yan garinmu yana kan tsohon kwari da aka cike da rairayi, ruwa na kusa, har kun shafa wa unguwar jan fenti a taswira. Ka roƙe ni ya dawo wurinka. Ni kuwa na yi dariya a majalisa, na ce shekara talatin ina haƙar rijiya daga Waca har Mallawa ban taɓa jin ƙasa ta motsa ba, lakkwal ce, karatun boko, ta sa maka tsoro. Na hana shi tashi, wai kada a ce ɗan Alkasim ya guji 'yan uwa ya bi baffansa mai bene.

To, ka ji abin da ya faru ranar Talata da hantsi. Girgizar da aka ce a unguwarku ko kofi bai faɗi ba, su ta tsaga musu bango, bulo ya karya wa Rabilu hannu. Abin da ya fi ƙona mini rai, na san halin jiƙaƙƙen rairayi, sau biyu yana rufta mini a rijiya. Girman kai ne kawai, kuma wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Har yau a ɗakin nan mai tsaga yake kwana. Na ce ya tashi, ya ce da wane ido zai dube ka. Don Allah ka je da kanka ka ɗauko shi kafin ƙasar ta sake motsi. Ka nuna masa takardar nan, ya ga da hannuna na rubuta cewa a wannan magana kai ne babba.

Ka gaida Saratou da su Ikilima. Matata Habsatou tana gaishe ka, ita ma ta ce in ba ka haƙuri.

Yayanka,
Alkasim