Dokar Baba da Ba Ta Cikin Littafi

Dutsin-Ma, Jihar Katsina

Zuwa ga ƙanena Zubair,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa daga yayarka Mardiya, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hafiza da ɗiyata Jannat. Allah ya tsare ka a kan dogayen hanyoyin nan, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya, amin. Mu nan gida sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da kajin maƙwabta, kai ma ka san in ta fara wannan to ta warke. An yi ruwan farko a Dabawa, mu kuwa a cikin gari hadarin kawai muke gani yana wucewa.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali muna waya kusan kullum. Dalilin shi ne duk lokacin da na kira ka kana bisa sitiyari, sai "to Yaya, to Yaya" kake yi mani, kuma na san rabin maganar iska ke ɗauka. Wannan kuwa magana ce ta zama. Shi ya sa na rubuta, na ba Ja'afar direba ya kawo maka har Ibadan hannu da hannu.

Maganar a kan Baba ce da darasinsa na doka. Ka tuna abin da yake koya maku a makarantar tuƙi, cewa mai dabba ba fasinja ba ne, doka ta yarda mutum ɗaya ya hau bayan tirela a kan kowace saniya biyar ko rago ashirin, muddin an rubuta sunansa a takardar kaya? Shekara goma sha ɗaya yana faɗin wannan, yana buga tebur. Ni kaina na haddace shi tun ban san inda birki yake ba. To a watan jiya mai makarantar ya ce yana son a rubuta darussan a takarda a riƙa ba ɗalibai su tafi da su gida. Baba bai jure dogon Turanci, sai aikin ya faɗo kaina: shi yana faɗa, ni ina rubutawa bayan na taso daga makarantarmu. Da muka zo kan wannan doka na tambaye shi shafin da take a littafin dokokin hanya, don in sa lambar a gefe. Wallahi ba da wata manufa na tambaya ba, halin malaman firamare ne kawai. Ya miƙo mani littafin ya ce in duba wajen tsakiya.

Kwana uku ina dubawa, Zubair. Na karanta tsakiya, na karanta farko da ƙarshe, har da bangon baya. Babu ita. Da na faɗa mashi sai ya ce idona ne, in sa tabarau. Na sa tabarau, babu ita. Ya ce to sabon bugu ne, yaran zamani sun cire, amma a tsohon littafin maigidansa marigayi Malam Rabo tana nan, da idonsa ya gani. Ka san Baba in ya kafe. Ranar Asabar ya tayar da babur ya ce in hau, sai Kurfi.

Hajiya Batula, matar marigayin, ta tsufa ƙwarai amma ta gane Baba tun daga sallama, har ta kira shi da sunan da suke kiransa lokacin yana koyon mota, wanda ba zan rubuta maka ba don na san bakinka. Ta sa aka jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, aka fiddo littafin, duk ya yi ja. Na zauna a tabarmarta na bi shi shafi-shafi, Baba yana tsaye a kaina kamar mai jiran sakamakon asibiti. A cikin abin da aka buga babu ita. Sai a cikin bangon gaba na ga rubutun biro, hannun Malam Rabo: saniya biyar mutum ɗaya, rago ashirin mutum ɗaya. Hajiya ta ce ai ta tuna, shawara ce direbobin tasha suka yanke a tsakaninsu a wancan zamani, don masu dabbobi su daina cika masu mota fiye da kima. Baba yana saurayi ya gan ta a cikin littafin doka, sai ya ɗauka doka ce. Muka yi mata godiya muka dawo Dutsin-Ma, tausayinsa duk ya cika ni.

Washegari ya sa babbar riga ya tafi ofishin jami'an kiyaye haɗurra da kansa. Suka karɓe shi da mutunci, suka gaya mashi haɗa mutane da dabbobi ko kaya a bayan mota laifi ne, ko an rubuta suna ko ba a rubuta ba, kuma suka ba shi labarin irin rayukan da ake rasawa in tirela ta kife da mutane a saman bodi. Na zaci zai gyara takardar a yi shiru, don mai makarantar ma abin da ya ba shi shawara ke nan. Bai yarda ba. Ranar Litinin ya tsaya gaban ɗalibai ya ce abin da ya koya masu makon jiya ba daidai ba ne, kuma ba makon jiya kaɗai ba. Sannan ya ɗauki alli ya ci gaba da darasi.

Daga nan ya karɓi rajistar tsofaffin ɗalibai ya shiga bin su. Ya je Kutawa, ya je Dabawa sau biyu don na farko bai tarar da mutumin ba, ya je Birchi. Wanda ke nesa ya sa ni in kira mashi a waya. Inna tana ta mita wai tsoho ya mayar da kansa ɗan aike, amma ita ke cika mashi gorar ruwa tana jaddada ya dawo kafin la'asar. Wasu sun gode, wasu sun yi dariya sun ce ai kowa na yi. Ɗaya ma cewa ya yi shi dokar Malam ta fi mashi ta gwamnati daɗi. Ni dai ban taɓa jin girman Baba a raina kamar a makonnin nan ba, duk da ni ya ɗora wa laifin wai tambayata ta yi yawa.

Sunan mutum ɗaya ne ya rage bai yi wa alama ba a rajistar, kuma naka ne. Sau uku yana cewa in kira ka, in na ɗauko wayar sai ya ce bari sai anjima. Ya gaya wa Inna, ita kuma ta gaya mani, cewa yana tuna ranar da ka zo kana ba da labarin yadda ka yi gardama da wani jami'i a hanya, ka ce mashi kai ɗan Malam Badamasi ne, a gida ka sha doka. A ranar dariya ya yi har da hawaye. Yanzu in ya tuna sai ya tashi ya bar wurin. Gaban baƙi ya iya cewa na yi kuskure, gabanka ne abin ya yi mashi nauyi.

Da ba don Babbar Sallah ta matso ba da na bar ku ku daidaita a hankali. Amma saura mako uku ka zo lodin raguna, kuma Kawu Mamuda ya riga ya shaida wa mutanen Birchi cewa shi da mutum shida za su bi ka a sama kamar bara. Baba ya je ya same shi, Kawu ya ce shi sai ya ji daga bakinka, don motar a hannunka take. Na san kunyarka, na san ba ka iya kallon ƙanin Inna ka ce a'a. To ka fara koyo tun daga Ibadan. Wanda kujerar gaba ta ɗauka ya shiga, sauran su bi motar fasinja su tarar da ragunansu a can. Za su yi fushi, za a kai ƙararka wurin Inna, kuma na riga na shirya ta. Ni tsoro nake ji, Zubair, ba na ɓoye maka. Mutum bakwai a kan katakon bayan tirela tun daga nan har Kudu, dukansu namu, kai kuma a gaba da amanarsu a wuyanka.

Ina cikin rubuta wannan Baba ya shigo ya tambayi wa nake rubuta wa. Na faɗa mashi gaskiya, na karanta mashi tun daga sama. Ya ce in goge wajen da na ambaci hawayensa, na ce da biro na rubuta, ba ya gogewa. Ya juya hularsa a hannu, sannan ya ce in rubuta wannan yadda ya faɗa, kada in gyara mashi ko kalma ɗaya:

"Zubairu, abin da na koya maka a kan hawan mutane ba doka ba ne, kuskurena ne. Kada ka ɗauki kowa a sama. In kawunka ya matsa, ka ce mashi ni na hana, ya zo ya yi fushin da ni."

Ka gaida Hafiza da kyau, ka ce mata kuka da daddawar da ke cikin ƙullin da Ja'afar zai ba ka daga Inna ne. Ka shafa mani kan Jannat. Maigidana Nu'uman yana gaishe ka, Inna tana sa maka albarka, Hajiya Batula ma ta ce a gaida ɗan direban da ba ta taɓa gani ba. In ka gama karantawa kada ka kira ni, ka kira Baba. Ya kai wayarsa caji tun ɗazu, abin da bai taɓa yi da kansa ba.

Wassalam. Taka har kullum,

Yayarka Mardiya Badamasi