Lambun Rahila da Kajin Maman Obinna

Palladan, Zariya.

Zuwa ga matata Rahila,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina hutawa a wurin Ubangiji. Na san takardar nan ba za ta zo hannunki ba, ba kuma wanda zai karanta miki ita. Amma shekara ashirin da shida duk abin da ya same ni ke nake fara gaya wa, har yau ban iya dainawa ba.

Lambunki na bayan ɗaki bai mutu ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, ya kusa. Tun da muka dawo daga jana'izarki na kasa leƙa wurin. Wata bakwai ban zuba masa ko moɗa ɗaya ta ruwa ba. Shingen kara ya faɗi, komai ya bushe, zogalen kaɗai ya rage. Rannan sai ga Alhaji mai gida da magini suna auna wurin da igiya. Ya ce tunda ba a amfani da shi, shago zai gina. Kin san Alhaji ba mugu ba ne, kuma filinsa ne. Na roƙe shi ya bar mini zuwa ƙarshen damina. Ya dubi ƙasar, ya dube ni, ya ce to, za mu gani.

Ni me na sani game da lambu? Ba ni ne nake zama a benci ina duba takardun yara ina yi miki tsiya, wai matar malami ta zama 'yar gwari ba?

A ƙarƙashin gado na sami gwangwanayen madarar da kike ajiye iri, kowane da rubutunki a jiki: yakuwa, kuɓewa, alayyafo, attaruhu. Ɗaya kin rubuta "na Mama" kawai. Na shuka shi haka nan, ashe gauta ce, mai ɗacin nan ta garinku. Albashin malamin firamare ba ya kai wa ga takin zamani, sai na bi hanyarki. Wani mai faci a unguwar PZ ya ba ni tsofaffin tayoyi huɗu, na tsinto buhunan siminti a wurin wani gini a Dogarawa na cika su da ƙasa. Wani abokin aikina ya kawo mini karan dawa daga gonarsa ta bayan Samaru na ɗaure shinge. Ya karkace, amma yana tsaye.

Irin ya tsiro, sai dai ganyen ya yi rawaya, sirara kamar tsintsiya. Duk wanda na tambaya sai ya ce kashin kaji ƙasar take so. A gidan nan kuwa wa ke da kaji in ba Maman Obinna ba?

Rahila, akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Kin tuna shekarar da kajinta suka shiga suka cinye miki tumatir, kika rantse ita ta buɗe musu ƙofar shinge? Ni ne. Na shiga ɗauko tsani da safe, ina sauri kada in makara, na bar ƙofar a buɗe. Da na dawo daga makaranta na tarar kun riga kun yi cacar baki, kina kuka, sai na yi shiru. Na ce gobe zan faɗa. Shekara huɗu kuna wuce juna a bakin rijiya ba gaisuwa, ina gani. Ranar da kika yanke jiki kika faɗi, ita ta tsayar da tasi, ita ta riƙe kanki a cinyarta har asibiti. Ba ki san an yi ba. Ko a ranar ban buɗe baki ba.

Na ga ba zan iya roƙon ta taki da wannan abu a cikina ba. Na same ta da yamma ta dawo daga kasuwar Sabon Gari tana gyaran kifi, na tsaya na faɗa mata duka. Ta ajiye kifin. Sannan ta ce ai ta sani, ta gan ni na fito da tsanin. Ta ce ta yi shiru ne don ba ta so ta haɗa mata da miji faɗa, ta zaci zan faɗa da kaina. Ta yi kuka, ta yi mini faɗa sosai da Hausarta da Turancinta a gauraye. Da ta gama ta cika mini buhu biyu, ta ce in bar shi ya huce tukuna, ɗanye yana ƙona shuka.

Yanzu yakuwa ta kai mini ƙugu. Hajiya matar Alhaji kullum sai ta aiko a tsinko mata zogale. Makon jiya Alhaji ya zagayo, ya tsinki gauta ya goge a rigarsa ya ci, ya ce shagon a bakin get za a yi shi, nan ɗin a bar shi yadda yake. Da ya tafi na zauna a kan taya. Na kira 'yarmu Ladi a wayar salular da ta saya mini, ta ce cikin hutu za ta kawo yara su gani.

Da kina nan, na san sai kin yi kwana uku ba ki kula ni ba, kuma da gaskiyarki. Ki yafe mini. Me ya hana ni faɗa tun kina iya amsawa?

Yau na yi miyar kuɓewa da ta lambun, da hannuna. Gishiri ya yi yawa. Na zuba rabi a kwano na kai wa Maman Obinna, ta ɗanɗana, ta ce taki ta fi, amma ta karɓa.

Ki huta lafiya, sai mun sadu.

Ni ne mijinki,
Ishaku.