Karsanar Inna Hajo

Kalgo, daren Laraba, daminar 1994

Na gaji. Saura kwana tara in kai aikin digirina Sakkwato, kwamfuta kuwa sai can. Shi ya sa tun safe nake tsugune a tsakar gida. Na zana da'irori da kibau a ƙasa, ina matsar da tsakuwa daga wannan zuwa waccan, ina gwada injin da zai bi jerin alamomi ya karɓa ko ya ƙi. Malaminmu ya ce da irinsa ake nazarin harshe, har da ƙwayoyin gado. Nawa kullum sai ya maƙale.

Da la'asar sai ga Inna Hajo, ƙawar mahaifiyata, daga Wurogauri da ƙwaryar nono. Wai ta ji ina bugun ƙasa, karsanarta ta ɓace kwana uku. Baba ya ji daga zaure, har yanzu bai yi mini magana ba.

Na ce, "Inna, wannan ba duba ba ne. Bai san komai ba sai e ko a'a."

Ta ajiye ƙwaryar a gabana. "Ɗana, ai shi nika so. Tana da rai?"

Na dubi tsakuwata. Gobe bayan asuba ni da Inna za mu bi sawun karsanar. Digiri ya jira.