Maƙwabcin Baba Yana Nan Yana Kira

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu ma lafiya lau. Umma ta fita takaba, sai dai har yanzu ba ta iya wuce ƙofar ɗakin rediyon Baba ido a bushe.

Kwamfutar da ka aiko wa Baba ta iso, sai dai bayan rasuwarsa, Allah ya saka da alheri. Ka tuna tun da aikin maƙogwaro ya ɗauke masa murya ya koma gaisawa da abokansa na rediyon aika saƙo a rubuce: rediyon ya kamo sauti daga iska, manhaja ta mayar da shi haruffa. To, tsohuwar kwamfutar nan aikin ya fi ƙarfinta. Fankarta ta yi ta gurnani kamar injin niƙa, ta ɗau zafi, ta sandare. Dole ya rage wa manhajar zurfin bincike, ta koma kamo sautuka masu ƙarfi kaɗai, raunana kuwa ta watsar. Daga nan ya daina ganin kiran Maƙwabci, dattijon nan na bayan teku da suka tsufa suna hira ba su taɓa haɗa ido ba. Wata rana Baba ya rubuta mini a ɗan allonsa cewa Maƙwabci ya gaji da bebe. Ya yi murmushi, amma na ga idonsa.

Jiya na haɗa sabuwar, na zuba mata sautukan da Baba ya adana. Kafin in gyara zama ta tace su tas. Yaya, lambar kiran Baba ce a jere, kowace safiya, daga Maƙwabci, can ƙarƙashin hayaniya. Ashe siginar rediyon Maƙwabci ce ta yi rauni. Na yi kuka har kaina ya yi ciwo, kuma na kasa gaya wa Umma.

Ni ba ni da lasisin aika saƙo ta rediyo, kai ke da shi. Don Allah ka neme shi daga can, ka sanar da shi rasuwar, ka ce masa Baba bai taɓa ƙin amsa masa ba.

Ka gaida Anti da Auta. Umma da Kawu suna gaishe ka. Kada ka yi jinkiri, Yaya, yau da safe ma ya kira.

Ƙanwarka.