Na Dafa Haƙorana, Ga Jawabi Na Jirana

Malama, ki taimake ni, amma ki fara taya ni murna! An zaɓe ni gwarzon ma'aikaci na bana a asibitinmu. Ni da na shigo da tsintsiya da takardar sakandare! Daga shara na koma tura gadon marasa lafiya, yau ni ne shugaban ɗakin dafa kayan tiyata, kuma ba wanda ya tsaya mini sai Allah. Mako mai zuwa zan yi jawabi a gaban manyan likitoci. Uwargida har ta kai yadi wurin tela, surukaina ma za su zo.

To ga damuwar. Haƙorana na sama na roba ne, tun wani hatsarin babur. In ban da uwargida ba wanda ya sani, takunkumin fuska na aiki ya rufa mini asiri. Ranar aikin kwana ma da su nake barci a ɗakin hutu, kada yara su ga oga baki a lotse. Kwanan baya na fara jin suna wari, na ce ai kashe ƙwayar cuta sana'ata ce, wa zai koya mini? Na jefa su cikin tafasasshen ruwa kamar almakashi. Sun fito fes, amma sun karkace. Yanzu suna gurje mini dasashi, ga wani fari-fari a ganɗata, in na ce sannu sai fito ya biyo baya. Da nake gwada jawabin a gaban madubi saura ƙiris su faɗo.

Muna da likitar haƙori, amma yarinya ce mai ce mini Baba, ni na nuna mata ƙofar ɗakin tiyata ranar da ta kama aiki. Ita zan wage wa baki? Ko in ɗan goge su da magagari in lallaba har taro ya wuce?

Naki, Mai Tukunya

Mai Tukunya, barka da arziki! Wannan karramawa guminka ce.

Amma ajiye magagarin nan. Roba ba ƙarfe ba ce, zafi ya riga ya lanƙwasa ta, gogewa kuma sai ta ƙara maka rauni. Farin da ke ganɗarka yana yawan samun masu kwana da haƙoran a baki, kuma sai an duba ake ba da magani. Ka riƙa cire su in za ka kwanta, ka wanke da buroshi mai laushi, ka jiƙa a ruwan sanyi cikin ɗan gwangwani mai murfi. Ba wanda zai leƙa.

Na fahimci kunyarka, girma ba abin wasa ba ne. In ta yi maka nauyi, je wani asibitin. Sai dai 'yar taka tana kusa, sirrin mara lafiya amana ce a wuyanta, kuma ta fi kowa son ta ga Babanta ya fita kunya. Same ta gobe da safe, tun da sauran lokacin gyara ko auna sababbi.

Allah ya ba da lafiya, ya sa a yi ta yi maka tafi har ka gaji da tsayuwa.