Littattafan Lissafin Khairiyya

Zandam, Gwaram,
14 ga Afrilu.

Zuwa ga aminina Malam Yahuza,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya Talatu da yara duka. Yaya ƙafar, yaya zafin Birnin Kudu? Mu nan sai godiyar Allah, in ban da ƙirjin nan da ka sani.

Dalilin takardar nan ɗana Aminullahi ne, wanda kai ma ɗanka ne. Ya zo ranar Juma'a, ya duba sakamakon 'yarsa Khairiyya, ya ga ta faɗi lissafi. Ya ce in aka kuma a zango mai zuwa zai ɗauke ta ta koma wajensa can garinku. Bai ɗaga mini murya ba, kansa a ƙasa ya faɗa. 'Yarsa ce, ban musa ba. Amma tun da aka yaye ta aka kawo wa matata marigayiya Kubra riƙonta, kuma shekara biyu ke nan da rasuwar Kubra, muryar yarinyar nan kaɗai ake ji a gidan nan. Tana ce mini tsohon miji marar kuɗin cefane, ina ce mata amaryar da ba ta iya miya ba. In ta tafi, da wa zan yi faɗa?

Abin da ya ba ni haushi, lissafin kuɗi ne fa, wanda ni da kaina nake koya mata kullum bayan la'asar a zaure. Ka tuna a ajinmu babu mai riga ni ɗaga hannu in an zo fam da sule. Dubi wannan: biro huɗu, kowane kwabo sittin. Kwabo ɗari biyu da arba'in ke nan, sule ashirin, fam guda, wato naira biyu cif. Haka ta rubuta, malaminsu ya ja mata jan biro. Yaran yanzu da ba su taɓa riƙe kwabo a hannu ba su ne ke koyar da shi.

Shagon ɗinkin Aminullahi yana kan hanyarka ta masallaci, kuma yana jin kunyarka. Ka roƙar mini shi ya yi haƙuri. Ni kuma zan ƙara mata lokaci.

Ka gaida Hajiya. Direban motar kasuwa zai kawo maka wannan, da 'yar daddawa.

Naka har kullum,
Badaru.

Zandam,
27 ga Yuli.

Malam Yahuza,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan damina ta same ku lafiya, kuma jikin Hajiya ya yi sauƙi. Amsarka ta iso tun watan jiya, na gode da zuwan da ka yi shagon. Na ga inda ka rubuta a ƙasa cewa in sake duba lissafin biron nan. A lokacin dariya na yi, na ce Yahuza har yanzu bai warke daga bulalar aji huɗu ba.

Khairiyya ta ci jarrabawa. Ta zo ta uku, lissafi saba'in da takwas. Aminullahi ya aiko cewa magana ta wuce, ta zauna. Ya kamata wannan takarda ta zama ta murna.

Ranar Litinin aka yi ruwa da hantsi, tana gidan maƙwabta. Ɗakinta na yoyo, na shiga in janye jakarta daga inda yake ɗiga, sai littattafai suka zube. Biyu daga ciki na lissafi ne. Ɗaya na sani, shi muke aiki da shi a zaure, ga sa hannuna a ƙasan kowane shafi. Ɗayan ban taɓa gani ba. Na ɗauko tabarau na jera su. Tambayoyi iri ɗaya, kwanan wata ɗaya, rubutu nata, amsoshi daban. A nawa, naira kwabo ɗari da ashirin ce. A na makaranta ɗari ce, kuma malam ya yi mata maki a kowane layi.

Na daɗe zaune a bakin gadonta kafin abin ya dawo mini. Sule kwabo goma sha biyu ne a kuɗin da muka koya. Da aka canja kuɗi ya koma goma. Yahuza, ni ne fa aka tura ƙauyukan Fagam a kan keke ina yi wa mutane bayanin wannan a kasuwa. Na yi shekara hamsin ina sani. Ban san ranar da ya fita daga kaina ba, tsohon lissafin ya dawo ya zauna a wurinsa kamar bai taɓa tashi ba. Ni na kayar da ita a zangon baya, na kuma zagi bawan Allah malaminta a takarda.

Da ta dawo na nuna mata. Ba ta yi ƙarya ba. Ta ce tun makon farko na zangon nan malam ya gane inda kuskuren yake, ya gyara mata. Sai ta sayi littafi na biyu da kuɗin tararta. Kullum takan yi aikin sau biyu, nawa a zaure, na gaskiya a ɗaki. Na tambaye ta don me ba ta faɗa mini ba. Ta ce, "Kaka, lokacin lissafi ne kaɗai kake dariya."

Na matsa mata, sai sauran suka fito. Wai sau da yawa Kubra nake kiranta, tana amsawa. Wai ran nan na yi la'asar sau biyu. Wai na taɓa barin akuya a ɗaure a rana tun safe, na rantse na sake ta. Duk ta ɓoye wa ubanta don kada a raba mu. Shekararta goma sha ɗaya.

Kada ka gaya wa Aminullahi tukuna. Ka sa ni a addu'a.

Naka,
Badaru.

Zandam,
9 ga Satumba.

Aminina,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta iyali, na san labari ya riga takardata, tunda yanzu unguwarku ɗaya da Khairiyya.

Ni na aika aka kira mini Aminullahi na faɗa masa komai. Ya yi kuka, ya ce to in biyo su mu tafi tare. Gidansa na haya ne, ɗaki biyu, yara biyar. Na ce a'a. Nan kabarin Kubra yake, kuma matar maƙwabcina ta yarda za ta riƙa aiko da abinci. Na yi tunani kwana arba'in kafin na kira shi, kuma ba zan ɓoye maka ba, yawancin kwanakin ina neman hujjar da zan riƙe ta ne. Na samu da yawa. Amma yau littafi biyu ne, gobe ban san me za ta ninka saboda ni ba.

Ranar tafiyar ta ƙi yi mini magana. Abin da kawai ta ce shi ne na kai ƙarar kaina, ita kuma aka hukunta. Ta shiga mota ba ta waiwayo ba. Ban ga laifinta ba.

Sai da na koma ciki na ga abin da ta yi. Ta rubuta lambar wayar ubanta da gawayi a bangon ɗakina, daidai inda nake kallo in na kwanta, kowace lamba kamar tafin hannu. A da ita ke danna mini wayar, ni sai dai in kara a kunne. Yau kwana shida. Kullum nakan zauna gaban bangon da wayar a hannu. Na san lamba goma sha ɗaya ce, amma in na ƙirga, wani lokaci goma nake samu, wani lokaci sha biyu. Jiya na daure na danna, wani mutum ya ɗauka daga Azare, ya ce ba ya da 'ya mai wannan suna.

In ƙafarka ta bari, ka leƙa gidan. Ka ce mata ba fushi nake ba, ina ta gwadawa. In ta huce, ita ta kira.

Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Badaru.